Motar Ƙarami Sai da Turi

A ƙarshen layin masu gyaran mota, inda kwalta ta ƙare, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon man inji, akwai wata rumfar kwano da aka tallafe ƙafarta ɗaya da guntun salansar mota. A ƙarƙashinta Tartsatsi ya tsufa. Gyaran wutar mota ne aikinsa. Sunan kuwa tun yana ɗan koyo ya manne masa, saboda yadda yake gwada batir: sai ya goga masa waya, ya dubi ƙarfin tartsatsin da ya tashi, ya ce wannan da sauransa, wannan kuwa sai dai a yi masa addu'a. Har furfura ta cinye masa gemu, da wuya ka sami wanda ya san shi da wani suna, ko a layin ko a unguwarsu.

Ba shi ya zaɓi sana'ar ba. Yana makaranta mahaifinsu ya kwanta ciwo bai tashi ba, ya bar shi da uwa mai yawan laulayi da ƙane ɗaya da ko tafiya bai fara ba. Wani abokin mahaifin ya kama hannunsa ya kai shi gareji, ya ce a nan ko ba komai ba za a kwana da yunwa ba. Ya yi shekaru yana wanke kan batir, ruwan batir ya ci masa yatsu, ya ci masa riguna, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa waya. Da abin da yake samu ya rufa wa uwarsu asiri har ta bar duniya, da shi kuma ya raini ƙanen, wanda yake kira Ƙarami. Shi ma sunan ya bi shi har ya yi tumbi, ya tara 'ya'ya.

An sa Ƙarami makaranta, karatu ya ƙi shiga. An kawo shi rumfa, waya ma ta ƙi shiga. Da an juya baya sai a gan shi a kujerar direba yana murza sitiyarin motar mutane, yana ƙugin inji da baki. Da Tartsatsi ya gaji da faɗa, sai ya roƙi wani direban babbar mota ya ɗauke shi. Ashe can Allah ya ajiye abincinsa. Ya yi ta tuƙa motocin mutane, har ya kai ga sayen tasa ta kansa, wata tsohuwar ƙaramar bas mai inji a ƙarƙashin kujerar gaba.

Tartsatsi ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Amma mutum ne mai wuyar zama. Ba ɗan koyon da ya taɓa daɗewa a hannunsa, har ya haƙura ya koma aiki shi kaɗai. Idan yana cikin mota ba wanda ya isa ya taɓa makulli ko ya ba shi shawara. Mutum ɗaya ne yake iya shiga rumfarsa ba sallama, wato bakaniken da ke maƙwabtaka da shi. Gajere ne ƙwarai, shi ya sa ake ce masa Dogo. Kullum suna cikin tsiya. Dogo ya ce masu gyaran wuta malalata ne, a tashi aiki rigarsu fes kamar masu zuwa neman aure. Tartsatsi ya ce bakanike ai maƙeri ne da ya ɓata hanya, ko agogo ka ba shi guduma zai fara nema.

Wata safiya aka jawo bas ɗin Ƙarami da igiya. Tun kafin a tsayar da ita warin ƙonanniyar roba ya cika layin. Tartsatsi ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga wayoyi sun narke sun dunƙule wuri ɗaya, wutar ta bi su har ƙasan motar. Ya zaro wani abu daga gidan fis, abin da ke yankewa in wuta ta yi yawa, ya ɗaga shi sama. Ƙusa ce.

"Wa ya taɓa ta?"

"Yaya, wani ne a tasha. Sifikar rediyo kawai ya ƙara mini da 'yan fitilu. Fis ɗin ne yake ta yankewa, shi ne ya ce a sa wannan kafin a samo babba."

"Kana da wa mai wannan aikin, ka ɗauki motarka ka kai wa ɗan tasha."

"Na ga ayyuka sun yi maka yawa ne."

"Faɗa dai kake gudu."

Ƙarami ya sunkuyar da kai. Can ya faɗi abin da ya fi damunsa. Wata masana'anta ta yarda ta ba shi jigilar ma'aikatanta, safe da yamma, daga farkon wata mai zuwa. Ya daɗe yana bin maganar. In ta tabbata, ya huta da bin layi a tasha da rigimar fasinja, ya san abin da zai shigo gida kowane wata.

Tartsatsi ya jefar da ƙusar. Ya ce, "Faci ba zai yi ba. Duka zan zare, ko waya ɗaya ba zan bari ba. Ka kai wa mai walda da mai fenti su gyara inda ya ƙone, ka dawo mini da ita."

Bai nuna ba, amma a ransa daɗi ya ji. Ya jima bai sami aikin da zai fara tun daga batir har fitilar baya ba, ga shi kuma motar ɗan'uwansa ce. Ya mayar da duk wanda ya kawo wani aiki. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera ƙullin sababbin wayoyi, ja da baƙi da kore da ruwan ƙasa da sauransu, kowane launi da inda yake zuwa, duk a kansa suke. Ya auna, ya yanka, ya fere baki, ya ɗiga dalma, ya naɗe da salatif tsaf kamar kitso. Inda waya za ta ratsa ƙarfe sai ya sa mata roba don kada ta goge. Dogo ya leƙo ya ce, "Wannan ai ba gyara ba ne, kwalliya ce. Motar ba ta kai darajar wayar ba."

Abu ɗaya ne ya canja a aikinsa, shi ma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Sau da yawa sai ya fito da waya daga cikin motar ya kai ta hasken rana, ya jujjuya, kafin ya koma. Ya ce masu yin waya na yanzu ne ba su iya rini ba. A gida kuwa matarsa, wadda take ɗinki a falo da keken ƙafa, ta aike shi ya sayo mata jan zare a hanyarsa ta dawowa. Ya kawo ya ajiye mata a kan keken.

"Maigida, ja na ce."

"Ga shi nan."

"Wannan ai ruwan ƙasa ne." Ta dube shi, ta ajiye almakashi. "Kwanaki ma ka wuce 'yarka a bakin titi ba ka gane ta ba. Ga yawan shan ruwa, ga rama. Da ka je an duba ka."

"Shagon ne ba haske. Ni da nake aikin launi tun ba ki san zare ba."

Ta sa zaren a aljihun keke. Ta san halin kayanta.

Ranar da Tartsatsi ya gama aikin, Ƙarami ya zo da sassafe cikin wankakkun kaya, 'yan layi suka taru. Tartsatsi ya ɗaura kan batir, ya shiga, ya murɗa makulli zuwa matakin farko. Fitilun gaban sitiyari suka kama. Ya gwada fitilar hanya, ta birki, ta juyawa dama da hagu, ya danna hon, ya kunna rediyo. Komai ya amsa. Sai ya murɗa makullin zuwa ƙarshe.

Ƙas. Shi ke nan abin da aka ji.

Ya sake murɗawa. Ƙas. Bai damu ba, wannan ƙaramin abu ne. Ya kwanta a ƙasan motar, ya bi kakkaurar wayar da ke haɗa inji da gangar jikin mota, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ya kwance ta. Mai fenti ya shafe wurin da fenti mai kauri, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Ya kankare da wuƙa har wurin ya yi ƙyalli, yana yi yana yi wa mai fenti tatas, wai da za a bar shi har bakin fasinja zai shafe. Aka yi dariya. Ya ɗaure, ya koma ciki.

Wannan karon sitata, mai tayar da inji, ta ɗauka, ta juya shi da ƙarfi. Ta juya, ta juya, injin bai kama ba. Daidai lokacin da ya saki makullin sai injin ya yi ɗan tari kamar zai tashi, ya mutu. Ya sake, haka. Ya sake, haka.

"Mai ne bai hau ba," in ji shi.

Dogo ya zare tiyon mai, mai ya yi tsartuwa. "Ɓangarena lafiya lau. Duba naka."

Tartsatsi ya ɗauko fitilar gwaji, ɗan ƙwai ne mai waya biyu da ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi. Ya bar makulli a matakin farko, ya zagaya ya ɗaga kujerar, ya dangwala a kan kwayil, abin da ke ba fulogi wuta. Ƙwan ya kama jawur. Wuta tana zuwa, ke nan ba daga wayarsa ba ne. Ya ce kwayil ɗin ne zafin gobara ya dafa. Ƙarami ya tafi kasuwar kayan mota ya kawo wani. Aka ɗaura, ba ta tashi ba. Ya ce fulogi. Aka canja, ba ta tashi ba. Batir ya yi sanyi saboda yawan murɗawa, aka kai caji, aka aro wani. Mutanen da suka taru suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma bakin aikinsa.

Washegari Dogo ya ce a tura ta a gani. Tartsatsi bai so ba, amma ya bari. Ƙarami ya shiga, ya buɗe makulli, ya sa giya, 'yan layi suka sa kafaɗa. Ko tsawon rumfa uku ba a yi ba ya saki kuloci, motar ta tashi, injin yana bugawa sumul, ba tari ba rawa. Aka kashe, aka murɗa makulli, ta ƙi. Aka sake turawa, ta tashi.

Wani mai facin taya ya ce, "Sabon salo ke nan. Tartsatsi ya yi mata wayar da ba ta aiki sai da gumin mutane."

Kafin yamma maganar ta kai ƙarshen layin. Duk wanda zai wuce sai ya ce, a kawo kafaɗa ne? Tartsatsi ya daina amsa gaisuwa. Ya zare sitata ya wanke, ya mayar. Ya kwance kan da ke raba wa fulogi wuta, ya goge, ya mayar. Ya bi fis ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya dangwala fitilar gwaji sai ta kama, abin da ya ƙara rikita shi ke nan. Abincin da ake aiko masa daga gida yana komawa yadda ya zo.

Farkon wata ya yi, motar tana nan yadda take. Ƙarami ya ce zai fara aikin haka nan, ai in ta tashi ba ta da matsala, sai dai kada ya kashe ta. Safiyar farko ya ajiye ta a kan gangara, ta tashi, ya kai ma'aikata lafiya. Ta biyun aka tashi da ruwan sama. A wata mahaɗar hanya mai cunkoso wani mai babur ya gitta masa, ya taka birki da ƙarfi, motar ta mutu. Ya murɗa, ya murɗa, ba labari. Motocin baya suka cika wurin da hon. Dole ma'aikatan suka sauko cikin ruwa da kayan aikinsu masu tsabta, har da mata, suka tura ta cikin taɓo. Suka isa a makare, a jiƙe. Mai kula da ma'aikata bai yi dogon zance ba, ya ce wa Ƙarami sun gode, sun sami wata motar.

Ƙarami ya kawo bas ɗin rumfa da rana tsaka, ya kashe ta, ya sauko. Har lokacin wandonsa da taɓo.

"Yaya, aikin ya tafi."

Tartsatsi ya ji abin har cikin ƙashinsa, amma bakinsa bai iya lallashi ba. Abin da ya fito shi ne, "Na ce ka bar ta sai na gama."

"Yaushe za ka gama? Ka ce kwayil, na kawo. Ka ce fulogi, na kawo. Yanzu kuma me ya rage?"

"Gidan makullin nan da ka sayo. Tun da na gan shi na san na banza ne. Kullum kai sai mai araha."

"Wanda ka rubuta mini shi na sayo. In aikin ya fi ƙarfinka ne ka faɗa mini, in kai wani wuri. Ba abin kunya ba ne."

Masu aiki a rumfunan kusa suka rage bugun guduma. Tartsatsi ya miƙe tsaye.

"Ni aiki ya fi ƙarfi? Da wannan aikin na ciyar da kai. Da waɗannan yatsun da ruwan batir ya cinye na saya maka wandon farko da ka sa. Ina goye da kai nake zuwa gareji, kana yi mini fitsari a baya. Yau don ka sayi akwalar mota da ka ƙona da hannunka, ni za ka tsaya a gaban mutane ka ce aiki ya fi ƙarfina?"

Ƙarami, mutum mai 'ya'ya har da wadda ta isa aure, ya tsaya ana kallonsa. Idonsa ya kaɗa. Ya je ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya juya musu baya.

Dogo ne ya shigo tsakani. Ya ɗauki fitilar gwajin daga kan buhu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ni ban san aikinku ba. Amma kullum kai ke murɗawa, kai ke dubawa, kuma ba ka iya yin biyun a lokaci ɗaya. Shiga ka murɗa, ni in riƙe maka wannan abin."

Da wata rana ce da Tartsatsi ya kore shi. Ranar ya gaji. Ya nuna masa inda zai dangwala a kan kwayil, ya zauna a bakin kujera, ya buɗe makulli.

"Ta kama," in ji Dogo.

Ya murɗa zuwa ƙarshe, sitata ta ɗauka.

"Ta mutu."

Ya saki.

"Ta dawo. In ka murɗa sai ta ɗauke, in ka saki sai ta kawo."

Tartsatsi ya bar hannunsa a kan makullin. Ba ya bukatar a ƙara masa bayani. A bayan gidan makulli akwai bakin da ke ba rediyo wuta, wanda yake yankewa duk lokacin da ake tayar da mota, akwai kuma na kwayil, wanda ba ya yankewa. In kwayil yana rasa wuta a daidai lokacin da ake murɗawa, to a bakin rediyo yake. Shi ya sa take tashi da turi, tun da turi ba ya bukatar a murɗa makulli zuwa ƙarshe. Sai yanzu ya tuna rediyon bai taɓa yin shiru ba duk murɗawar da yake yi. Kuskure ne da ko ɗan koyo ya yi sai ya sha rankwashi.

Ya durƙusa a ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wayoyin biyu, ya jawo su inda haske yake. Ja ta kwayil ce, ruwan ƙasa ta rediyo, haka ya tsara. Ya dube su. Ya matso da su kusa da ido, ya nesanta, ya goge su da bakin riga. Duka biyun launi ɗaya yake gani, wani duhu-duhu mai kama da tsatsa.

"Dogo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wacce ce ja a nan?"

Dogo ya yi dariya, yana zaton tsiyar da suka saba ce. Da ya ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya. "Wannan. Ai ba su ma yi kama ba."

Tartsatsi ya sauya musu wuri. Sai da ya yi ta lalube kafin su zauna. Ya taɓa makulli sau ɗaya, motar ta tashi.

Ba wanda ya yi murna. Ƙarami ya riga ya taso daga kan tayar, yana tsaye a bakin ƙofar motar, ya ji tambayar, ya ji amsar.

"Tun yaushe, Yaya?"

Tartsatsi ya kawar da kai.

"Ka san ba ka gani, ka karɓi motata. Ka bar ni ina ta zarya kasuwa. Ka tsayar da ni a gaban mutane ka tona mini asiri tun daga goyo." Bai ɗaga murya ba. "Da ka ce mini idonka ne, wallahi da ni zan zauna kusa da kai ina faɗa maka launin."

Tartsatsi ya so ya ce bai sani ba. Amma ya tuna zaren matarsa, ya tuna fitar da yake yi rana da waya a hannu, sai ya fasa. Ya tattara filaya da sukundireba ya sauko. Ƙarami ya hau, ya ja motarsa ya tafi.

Da Tartsatsi ya je asibiti suka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa yana cin idon a hankali, ga kuma yanar ido ta fara rufe ɗaya. Suka ce za a iya tsayar da abin, amma wanda ya tafi ya tafi. Matarsa ce ta raka shi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya sami wanda zai yi wa faɗa.

Ya koma rumfa da tabarau mai kauri. Ya yi dabara, duk wayar da zai ɗaura sai ya bi ta da fitilar gwaji daga wannan baki zuwa wancan, bai ƙara dogara da launi ba. Aikin yana fita daidai, sai dai a hankali. Amma labari ya riga shi. A tasha an ce Tartsatsi ya makance, ya kusa ƙona motar ƙanensa. Wasu suka ce ai gobarar farko ma shi ne. Mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru, waɗanda motarsu ba ta taɓa mutuwa a hanya saboda waya ba, suka riƙa wucewa ta gaban rumfarsa suna ɗaga masa hannu, su tsaya a rumfar wani. Ya zargi Dogo da yaɗa maganar. Dogo ya rantse ba shi ba ne, ya ce rabin layin suna tsaye aka yi abin. Duk da haka Tartsatsi ya daina kula shi, tsiyar da suke yi ta mutu.

Abin da ya fi ci masa rai daga baya ya zo. Ƙarami ya sami jigilar 'yan wata makaranta, sai ya kai bas ɗin wurin wani mai gyaran wuta a ɗaya gefen gari, ya ce a zare duk wayar a sake sabuwa. Da matar Tartsatsi ta yi wa matar Ƙarami ƙorafi, amsar da aka aiko ita ce, 'ya'yan mutane zai ɗauka, wa ya san sauran inda aka haɗa ba daidai ba? Tartsatsi ya ji, ya ce, "Da ni ne shi, haka zan yi." Ya faɗa ne don kada a ga ciwon. Amma ya san babu sauran kuskure a motar nan, ya san bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Wani ya ba shi labarin ya ga wayar a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, an cinna mata wuta don a fitar da jan ƙarfen ciki.

Rumfar ta koma wurin cajin batir, daga baya cajin ma ya ja baya, domin hayaƙin ruwan batir yana sa idon ƙaiƙayi. Keken ɗinkin matarsa ne ya riƙe gidan. Da mai filin ya ce yana son wurinsa, Tartsatsi bai yi gardama ba. Ya kwashe kayan aikinsa a akwatin ƙarfe ɗaya, ya tura ƙarƙashin gado. Dogo ya zo zai kama masa akwatin, Tartsatsi ya ce ya bari, zai iya.

Shi kuwa Ƙarami jigilar makarantar ta karɓe shi. Bas ta zama biyu, ta zama uku, ya kama wani fili mai katanga da ƙofar ƙarfe inda suke kwana, ya ɗauki direbobi. Bai yanke zumunci ba. Yakan aiko da buhun abinci, yakan biya kuɗin magani, amma ta hannun matarsa. In ya zo gidan, a tsakar gida yake tsayawa, a gaisa, ya ce sauri yake.

Wata rana ya shigo har falo, ya zauna a kan kujerar da masu kawo ɗinki suke zama. Ya yi ta juya makullan mota a hannu kafin ya yi magana.

"Yaya, mai gadin filina na rana ya tafi. Na ce maimakon in ɗauko bare. Ba wani aiki ba ne, buɗe ƙofa ne da rufewa. Akwai inuwa, akwai benci. Zaman gidan nan ba zai yi maka kyau ba."

Keken ɗinki ya tsaya. Matar ta dubi mijinta, tana jiran ya tashi da faɗa. Shi ma ya ji faɗan ya taso masa har wuya. Ya dubi ƙanensa, bai ga fuskarsa sosai ba, sai farin rigarsa da faɗin jikinsa. Bai iya gane ko taimako ne ko ramuwa ba, wataƙila shi Ƙaramin ma bai sani ba. Sai ya dubi bayan matarsa, yadda ya ranƙwafa saboda zaman keke.

"Yaushe zan fara?"

Can yake har yanzu. Da safe ya ja ƙofar ƙarfen, motocin su fita ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya rufe, ya zauna a benci da gorar ruwa da ƙwayoyin maganinsa a aljihu. Direbobin matasa ne, ba su san shi a layin gyara ba. Baba mai gadi suke ce masa. Sun san dai wan maigida ne, don haka ba sa aikensa sayen sigari. In mota ta lalace, waya ake yi wa mai gyara ya zo da babur, ya buɗe ta a tsakiyar filin. Lokacin Tartsatsi yakan ja bencinsa ya koma bayan ɗakin gadi, inda ba ya jin abin da suke cewa, ya zauna har su gama. In Ƙarami ya shigo da tasa motar, yakan sauke gilashi ya ce, "Yaya, ina kwana, ya jikin?" Shi kuma ya ce da sauƙi, ya riƙe masa ƙofar har ya wuce.